Amsar Malam ga Maman Khalifa kan kalmar faint

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, na maƙwabta ne. Maman Khalifa, na saurari saƙonki. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi an yi wa yaronta gwajin zazzaɓin cizon sauro, mai gwajin ya ce mata wai faint line ne ya fito. Ita kuma abin da ta sani, faint suma ne, shi ne hankalinta ya tashi take tambaya ko yaron suma zai yi. To ki kwantar da hankalinki, babu maganar suma a nan. Allah ya ba shi lafiya.

Kalmar ɗaya ce, amma aiki biyu take yi, kuma mazauninta a jimla shi ke nuna miki wanne ake nufi. In ta zo a matsayin aikatau, abin da ya sami mutum, to suma ne. She fainted, ta sume. In kuwa ta zo kafin sunan wani abu tana siffanta shi, to nufinta abin nan yana nan, amma ba ƙarfi, da kyar ake ganinsa ko jinsa. Shi ne naki. Faint line, layi ne da ya fito dishi-dishi, bai fito raɗau ba.

Bari in ɗan tsaya a nan, don wannan ya fi Turancin muhimmanci. Abin gwajin nan yana da wuri biyu, ɗaya an rubuta C, ɗaya T. Na C shi ke nuna abin gwajin lafiyarsa ƙalau, in bai fito ba a jefar a sake wani. Na T shi ke nuna akwai ciwon. To ko dishi-dishi na T ya fito, matuƙar an duba a cikin lokacin da aka rubuta a takardar, yawanci minti 15 zuwa 20, ana ɗauka akwai zazzaɓin. Kada ki ce ai ɗan kaɗan ne ya fito, bari mu ga abin da gobe za ta yi. A'a, ki koma wajen ma'aikacin lafiya ya rubuta maganin daidai nauyin yaron. Haka abin yake a tsinken gwajin ciki, mata kun fi ni sani, a farkon shigar ciki layin na biyu kan fito faint.

Yawwa, mu koma Turanci. Wannan faint ɗin na siffa, duk wata kafa da mutum ke ji ko gani da ita yana shiga. Kina waya da wani sabis ba kyau, kina jin sa can ƙasa-ƙasa, sai ki ce your voice is faint. Kiran salla daga masallacin wata unguwa can nesa, faint sound. Kin wanke mayafi amma har yanzu da ɗan ɓurɓushin ƙamshin turaren wuta a jikinsa, faint smell. Kin kai takarda a yi miki fotokwafi, tawadar injin ta kusa ƙarewa, rubutun ya fito ba a iya karantawa sai an ƙura ido, the copy is too faint. Wannan kam ɗalibai ku riƙe, za ku buƙace ta. Likita in ya taɓa hannun maras lafiya ya ji bugun jini ya yi rauni, faint pulse. Har abin da ba a taɓawa: faint hope, ɗan guntun fata da ya rage, faint smile, murmushin da iyakarsa leɓe, irin na wanda ya gaji ko yake ƙarfin hali.

Akwai ta tsakiya kuma da ke rikita mutane, I feel faint. Wannan mutumin bai suma ba tukuna. Jiri yake ji, idonsa na duhu, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, saura ƙiris. Ranar da kika je asibiti, bambancin nan yana da amfani ƙwarai, don I felt faint daban, I fainted daban, kuma likita zai so ya san wanne ne ya faru. Su a takardarsu syncope suke rubutawa. Abin da ke faruwa shi ne jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci, ko don zafin rana, ko doguwar tsayuwa, ko yunwa da ƙishirwa, ko miƙewa zumbur daga kwance, wani ma ganin jini kawai. Shi ya sa in mutum ya faɗi ake kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufafi, a ba shi iska. Don Allah a daina ɗura wa wanda ya sume ruwa a baki, yana iya shaƙe shi. Yawanci cikin minti ɗaya ko biyu yake farfaɗowa, in ya wuce haka sai asibiti. Kuma ba a kiran farfaɗiya faint, ita seizure ce, dogon suma kuma coma.

Kuskuren da nake yawan gani a takardun yara shi ne she was fainted, ko he has faint. Ba a cewa haka. Suma ba wani ne ke yi maka ba, kai ke yi, don haka she fainted, he has fainted, shi ke nan.

Sai kuma tamu ta gado, mu Hausawa, rikicin p da f. Faint da paint. Mun riga mun ari paint mun mai da ita fenti, to harshe ya saba, sai yaro ya tashi zai ce yarinya ta suma a asambuli ya ce she painted, wato ta yi fenti! Wani kuma zai ce zai yi wa ɗakinsa fenti ya ce I want to faint my room. Dabarar ita ce, a faint haƙoranka na sama su taɓa leɓen ƙasa iska na fita, a paint kuwa leɓe biyu ne ke haɗuwa su buɗe. Ku gwada a gaban madubi, ba abin kunya ba ne.

A maganar yau da kullum ma za ku fi jin he passed out, ita ma suma ce ake nufi. Amma a yi hattara, passed away rasuwa ce. Kalma ɗaya tak ta raba su, kada ka aika wa dangi saƙon da za a fara haɗa makara alhali mutum yana zaune yana shan kunu. Kuma passing out na masu bautar ƙasa, ko na sojoji a Depot ta Zariya da NDA ta Kaduna, wannan yaye su ake yi. Ko da yake a wajen fareti, ma'anonin biyu na iya haɗuwa. A watan Yunin 2023 a Landan, sojojin nan masu dogayen huluna baƙaƙe suna fareti gaban Yarima William, wasunsu suka zube sumammu saboda zafi. Zafin nawa? Wajen digiri 30. Mutanen Sakkwato da Maiduguri na ji ku kuna dariya. Amma a yi musu adalci, kayan ulu ne a jikinsu da hular fatar dabba, ga tsayuwa ƙiƙam ba motsi.

Masu jarrabawar WAEC da JAMB, akwai wata da ake furtawa iri ɗaya amma rubutu daban, feint, da e a madadin a. Ita yaudara ce a wasa, ɗan ƙwallo ya yi kamar zai bi dama sai ya bi hagu, irin abin da Okocha ya yi suna a kai. Asalinsu ɗaya ne, daga tsohon Faransanci suka shigo Turanci, daga kalmar da ke nufin yin kamar, wato riya. Faint a farkon shigowarta, wajen shekara 700 baya, har malalaci da matsoraci ake kira da ita, mai noƙewa in an zo aiki. Ragowar wannan ma'anar ce ta rage a faint-hearted, mai raunin zuciya, matsoraci. In ka ga an rubuta not for the faint-hearted a kan bidiyo, ana nufin in ba ka da ƙarfin zuciya kada ka buɗe.

Ɗaya ta ƙarshe, don na ga muryar ta yi tsawo. In Bature ya ce maka I haven't the faintest idea, ko ya gajarta ya ce I haven't the faintest, cewa yake ko kusa bai sani ba, ko alama. Ɗan Ingila ya fi faɗin ta haka, Ba'amurke zai ce I don't have the faintest idea. Amma kada ka faɗa wa shugabanka a ofis in ya tambaye ka ina fayil, tana da ɗan ƙamshin ko-in-kula.

Maman Khalifa, ki kai shi yau ɗin nan kafin dare, kuma a ƙarasa maganin duka ko da jikin ya yi sanyi a kwana na biyu. A gaida Baban Khalifa. Wassalamu alaikum.