Rubutun RoHS a jikin caja: me aka gwada, kuma wa ya gwada?

Tambaya: Malam, ina sayar da caja da igiyar caji a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano. Kusan kowane kwali akwai CE da RoHS a jikinsa, nakan ce wa masu saye shaidar orijina ce. Ina kan daidai?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kuma gara ka daina faɗa musu haka. RoHS doka ce ta Tarayyar Turai da aka zartar a 2003, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2006. Ba ruwanta da ko caja tana saurin cika waya ko za ta yi ƙarko. Abin da ta sa a gaba shi ne gubar da ke cikin kayan da aka ƙera na'urar da su. Da farko abubuwa 6 ta taƙaita: dalma, zaiba, kadmiyam, wani nau'in kuromiyam mai guba, da sinadarai biyu masu hana roba kamawa da wuta, PBB da PBDE. A 2015 aka ƙara wasu 4 da ake zubawa don roba ta yi laushi, irin ta jikin igiyar caji, dokarsu ta fara aiki a Yulin 2019. Sun zama 10.

Iyakar da aka sa ita ce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyi, ban da kadmiyam da aka tsananta wa zuwa 0.01. Amma ba da nauyin cajar gaba ɗaya ake lissafin ba, kuma nan ne wahalar take ga masana'antu. Ɗauki igiya guda daga cikin kayanka ka feɗe ta. Robar waje abu ɗaya ce. Siraran robobin ciki, ja da baƙi da fari da kore, kowace da nata hisabin, domin launi ma kan ɗauko dalma ko kadmiyam. Jan ƙarfen daban, liƙin da ya haɗa shi da kan igiyar daban, rufin da aka shafa wa ƙarfen kan shi ma daban. Ɗaya ya haura iyaka, kayan duka sun faɗi.

Gwajin mataki biyu ne. Ana farawa da na'urar XRF, wadda ake riƙewa a hannu kamar bindiga. Tana harba haske irin na hoton ƙashi a asibiti, kowane sinadari ya maido da nasa hasken, cikin ɗan lokaci ta nuna adadin dalma, zaiba da kadmiyam ba tare da an lalata kayan ba. Sai dai tana da makanta: za ta ga kuromiyam amma ba ta bambance mai gubar da marar guba, za ta ga buromin, sinadarin da ke cikin PBB da PBDE, amma ba ta san ko PBDE ne ba, masu laushin roba kuwa ba ta ganinsu sam. Don haka sai a wuce ɗakin gwaji, a niƙa samfurin, a narkar da ƙarfe a ruwan asid, a tatso sinadaran roba a auna su ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idojin wannan aiki suna cikin ma'aunin IEC 62321.

To, ga abin da ya fi shafar ka. Dokar ba ta da tambarin hukuma mai suna RoHS. Ganye ko alamar maki da kake gani a kwali, kamfani ne ya zana abinsa. Tun 2013 alamar CE ce ke ɗauke da alƙawarin bin dokar, ita ma mai ƙera kayan ne ke buga ta da kansa, bisa sharaɗin ya ajiye takardun shaida na shekara 10 don hukumomin Turai su bincika. Kayan da aka loda kai tsaye daga Sin zuwa Legas ba su bi ta hannun waɗannan hukumomi ba. Tawada kuwa ba ta da tsada.

Idan kana saro kaya da yawa, nemi rahoton gwaji daga ɗakin da ke da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji, irin su SGS, Intertek ko TÜV. Duba ko lambar samfurin da ke rahoton ita ce ta kayanka, sannan ka tura lambar rahoton ga ɗakin gwajin su tabbatar. Takardar SONCAP ta SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, wani abu ne daban, ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne a Maraɗi. Liƙin fanel ɗin sababbin wayoyi yana ba ni wuyar narkewa, sai na gauraya shi da tsohuwar dalma. Hayaƙin zai cutar da ni?

Amsa: Wuyar narkewar daga dokar RoHS ta samo asali, domin ita ta sa aka cire dalma daga liƙi. Tsohon liƙi, kuza kashi 63 da dalma 37, yana narkewa a digiri 183. Sabon na kuza da azurfa da jan ƙarfe sai wajen 217. Hayaƙin da kake shaƙa galibi na man liƙi ne, yana iya jawo tari da asma, saboda haka ka sa fanka ta riƙa kore shi daga fuskarka. Dalmar kuwa ta hannu take shiga baki. Kada ka riƙe wayar liƙi da haƙori, kada ka ci goro ko abinci a teburin aiki sai ka wanke hannu da sabulu, kuma yaran shago su ma haka. Ƙananan yara ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa. A Zamfara a 2010 yara aƙalla 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ke teburinka bai kai wannan ba ko kusa, amma gubar ɗaya ce, kuma taruwa take yi a jiki.

Matattun fanel kuma kada ka ƙona su, haka igiyoyi. Ƙona roba don ciro jan ƙarfe shi ne ya gurɓata ƙasa da iskar Agbogbloshie a birnin Akara.

Tambaya: A bayan cajar kwamfutata akwai da'ira da lamba 10 a ciki. Bayan shekara 10 za ta lalace ke nan?

Amsa: A'a, Hajiya. Alamar dokar ƙasar Sin ce, wadda ta fara aiki a Maris ɗin 2007. Tana nufin akwai wani sinadari da ya haura iyaka a cikin cajar, amma kamfanin ya ƙiyasta ba zai fito ya cutar ba har tsawon shekara 10 idan ana amfani da ita yadda ya kamata. Wadda ba ta haura ba, harafin e ne a cikin da'irar. Ci gaba da amfani da abarki, idan ta mutu dai kada a ba yara su fasa ta su yi wasa da kayan cikinta.