Amsa kan sayen matashin ɗan ƙwallon da ake ƙorafi da halinsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ƙungiya ta fasa sayen matashin ɗan ƙwallo mai hazaka idan ta ji ana danganta shi da yawon dare, ko caca, ko sa-in-sa da koci, ko kuwa ta samu labarin cewa ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa. Na ga akasarin waɗanda suka amsa maka sun tsaya a kan cewa a guje shi kawai, tun da kuɗin saye ba ƙarami ba ne. Ni na daɗe ina aikin kula da walwalar yara a wata makarantar horar da 'yan wasa, daga baya kuma aka riƙa ba ni aikin binciko halin waɗanda ake son a saya, kuma abin da na gani bai bar ni na yarda da wannan amsa yadda take ba.

Tambayar ta haɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne, kuma ba kai kaɗai ka haɗa su ba, haka ake haɗa su a ofisoshin ƙungiyoyi da yawa. Yaron da ya ci zarafin mace, ko ya saba dukan mutane, ko ya sayar da wasa, wannan laifi ya aikata, kuma ban ga dalilin da zai sa a lulluɓe laifinsa da sunan rashin lafiya ba. Idan ƙungiya ta tabbatar da irin wannan ta janye, ba ni da ja. Amma yaron da ke fama da ciwon damuwa, ko firgici, ko wanda caca ta kama shi har ya kasa dainawa, mara lafiya ne, kuma ciwonsa yana da magani. Sannan ga wanda ba mai laifi ba ne, ba kuma mara lafiya ba, ƙuruciya ce kawai ke ɗibarsa, domin yana da shekara 19 an ba shi albashin da mahaifinsa bai taɓa riƙewa ba, kuma atisaye yakan ƙare tun rana ba ta yi nisa ba, sauran yinin duk nasa ne. A rahoton masu farautar 'yan wasa dukkansu layi ɗaya ake rubuta musu, wato “yana da matsalar hali”, kuma wannan layin yakan bi yaro daga ƙungiya zuwa ƙungiya ba tare da kowa ya tambayi wanda ya fara rubuta shi abin da yake nufi ba.

Ba na musun cewa haɗarin yana nan, kuma na kuɗi ne sosai. Chelsea ta sayi Adrian Mutu daga Parma a 2003 a kan kusan fam miliyan 16, a shekarar da ta biyo baya gwaji ya nuna ya sha hodar iblis, ƙungiyar ta kore shi, aka kuma dakatar da shi wata 7. Daga baya FIFA ta umarce shi ya biya Chelsea diyyar fiye da yuro miliyan 17, aka kwashe shekaru ana shari'a. Newcastle ma ta ɗauko Sandro Tonali daga AC Milan a tsakiyar 2023 a kan kimanin fam miliyan 55, kafin watan Oktoba ya ƙare hukumar ƙwallon Italiya ta dakatar da shi wata 10 saboda cacar da ya yi tun yana can. Duk shugaban ƙungiyar da ya tuna waɗannan biyun dole gabansa ya faɗi kafin ya sa hannu a takarda.

Sai dai ka lura da wani abu game da Tonali. Ba a san shi da rigima ba, ba a san shi da yawon dare ba, duk wanda aka tambaya a lokacin zai ce yaro ne mai natsuwa. Irin binciken da ake yi na tambayar tsohon koci da duba shafukan sada zumunta ba zai gano komai a kansa ba, domin caca a yau cikin waya take, a ɗaki, babu mai gani. Wannan shi ne abin da na fi cin karo da shi a aikin: binciken hali yana kama masu hayaniya, masu shiru kuwa su wuce lafiya lau. Yaron da ya sa hotonsa a wajen biki da dare shi ne ake ja wa jan layi, alhali sau da yawa matsalarsa ba ta wuce a zaunar da shi a yi masa magana ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ladabin nan da ba ya saɓa lokaci, ba ya musu, ba ya kuma da aboki ko ɗaya a ɗakin sauya kaya.

Dalilin ɓoyewar kuwa ba ɓoyayye ba ne, ƙungiyoyin ne da kansu suka koya wa 'yan wasa shi. Ɗan wasa ya san cewa idan ya ce gwiwarsa na ciwo za a yi masa hoto, a faɗi makonnin da zai yi jinya, a ajiye masa gurbinsa. Idan kuma ya ce ba ya iya barci, ko zuciyarsa na bugawa kafin wasa har ya ji kamar zai mutu, yana tsoron a zaunar da shi a benci, a fasa sabunta kwantiraginsa, labari kuma ya kai ga ƙungiyar da ke zawarcinsa. Wakilinsa ma, wanda kasonsa ya rataya a kan cinikin, ba zai ba shi shawarar ya buɗe baki ba. Robert Enke, mai tsaron ragar Hannover da tawagar Jamus, ya yi shekaru yana fama da ciwon damuwa a ɓoye har ya kashe kansa a watan Nuwamba na 2009 yana da shekara 32, kuma matarsa ta bayyana cewa yana tsoron idan abin ya fito a ƙwace musu 'yar da suke riƙo. Bojan Krkić, wanda ya fara buga wa Barcelona yana da shekara 17 a 2007, ya ƙi zuwa gasar Turai ta 2008, mutane suka yi ta yi masa fassara iri-iri, sai bayan shekaru ya faɗi cewa firgici ne ya hana shi. Dele Alli ya lashe kyautar matashin ɗan wasa mafi fice a Ingila sau biyu a jere, a 2016 da 2017, da wasansa ya ja baya sai aka yi ta kiransa malalaci, har zuwa Yulin 2023 da ya fito a hirarsa da Gary Neville ya bayyana cin zarafin da aka yi masa yana ƙarami, da yadda maganin barci ya zame masa jaraba har ya kwanta a cibiyar jinya a Amurka. Shekarun da aka yi ana rubuta “lalaci” a kansa, rahoton bai yi ƙarya game da abin da ake gani a fili ba, amma ya kuskure sanadin gaba ɗaya.

Saboda haka idan ƙungiya ta kafa doka cewa duk wanda ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba za a saye shi ba, ba ta rage haɗari ba. Ta kori wanda ya san ciwonsa, yake shan magani ko yake zuwa a saurare shi, ta kuma buɗe ƙofa ga wanda ke ɗauke da irin ciwon bai faɗa wa kowa ba. A tsakanin su biyun, na farkon ne na fi natsuwa da shi, domin na san abin da zan shirya masa, na san alamun da zan lura da su, shi ma ya riga ya nuna cewa idan abu ya yi masa nauyi zai yi magana.

Akwai wani yaro da aka kawo mana daga wata ƙasa, wanda cikin 'yan watanni masu horarwa suka yanke masa hukuncin rashin ɗa'a saboda yawan makara da hamma a wajen atisaye. Da aka zauna da shi ta bakin wani mai jin yarensu, sai ta bayyana cewa shi kaɗai yake kwana a gidan da aka kama masa, ba ya jin harshen garin, kuma da dare ne 'yan gidansu suke samun damar kiransa, galibi da buƙatun kuɗin da ya fi ƙarfin abin da ake biyansa. Ba a kai shi asibiti ba. An mayar da shi wajen wani iyali da ke karɓar yaran makarantar, aka samo masa malamin harshe, aka kuma sa wani babba ya yi magana da danginsa a kan abin da zai iya aikawa a wata. Makarar ta tsaya. Na kawo wannan ne domin in nuna cewa kaso mai yawa na abin da ake kira haɗarin ɗan wasa, a gaskiya haɗarin ƙungiyar da ta ɗauke shi ne. Dokar FIFA ta hana cinikin yaran da ba su kai shekara 18 ba daga ƙasa zuwa ƙasa sai da wasu 'yan keɓantattun dalilai, amma ranar da yaro ya cika 18 ba ta mayar da shi wanda zai iya zama shi kaɗai a baƙon gari ba.

Wannan ya sa a ganina tambayar da ta fi amfani a teburin saye ita ce mene ne ƙungiyar ta tanada. Shin tana da ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa wanda ba ya kai wa koci rahoton abin da aka faɗa masa? Wannan sharaɗin yana da muhimmanci ƙwarai, domin na ga inda aka ɗauki ƙwararre amma aka ba shi ofis kusa da na koci, kuma babu yaron da ya taɓa taka ƙofar. Shin akwai mai bibiyar ɗan wasan da ya ji rauni mai tsawo, wanda ke yin atisaye shi kaɗai watanni alhali abokansa suna tafiye-tafiyen wasa? Lokacin jinyar rauni na daga cikin mafi haɗari, kuma Danny Rose, ɗan wasan bayan Tottenham da Ingila a lokacin, ya faɗi haka da bakinsa gab da gasar cin kofin duniya ta 2018, inda ya danganta ciwon damuwarsa da doguwar jinyar gwiwa da kuma rashin kawunsa da wasu masifun da suka samu danginsa. Wanda aka tura aro ma haka, domin sau da yawa ƙungiyar da ta tura shi ta manta da shi, wadda ta karɓe shi kuma ba ta ɗauke shi nata ba. Ƙungiyar da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan gara ta haƙura da yaron, kuma ta san cewa gazawarta ce ta hana cinikin.

Inda aka yi tanadi kuwa, sakamakon a bayyane yake. Jesús Navas yana matashi a Sevilla ya sha barin sansanin horo saboda firgici da kewar gida, irin yaron da rahoto zai ce ba zai iya zama a wata ƙasa ba, amma da aka bi da shi a hankali ya ci kofin duniya da Sifaniya a 2010, ya koma Manchester City a 2013 ya kuma ci gasar Firimiya. Tony Adams an ɗaure shi a ƙarshen 1990 saboda tuƙi cikin maye, ya amsa a 1996 cewa giya ta fi ƙarfinsa, Arsenal ba ta rabu da shi ba, ya jagorance ta ta haɗa gasar lig da kofin FA a 1998 da 2002, ya kuma kafa cibiyar Sporting Chance a 2000 domin 'yan wasan da suka faɗa irin halin da ya faɗa. Shi kansa Tonali, Newcastle ta riƙe shi yana zuwa magani, ya dawo a Agustan 2024, yana kuma cikin waɗanda suka ci mata kofin League Cup a Maris na 2025. Ba kowane labari ne ke ƙarewa haka ba, akwai waɗanda aka yi musu duk abin da ya dace amma suka ƙi karɓa, kuma ƙungiya ba asibiti ba ce da za ta riƙe mutum har abada.

A kan caca ina da ƙorafi na daban. Wasan da ya dakatar da Ivan Toney, ɗan wasan gaban Brentford a lokacin, wata 8 a 2023 saboda karya dokar caca, shi ne wasan da ya sa masa rigar da ke ɗauke da sunan kamfanin caca a ƙirji. Ƙungiyoyin Firimiya sun amince a 2023 su cire irin wannan talla daga gaban riga bayan kakar 2025/26, amma hakan bai shafi hannun riga da allunan gefen fili ba. Ban ce wannan ya wanke ɗan wasan da ya karya doka ba, sai dai shugabannin da ke karɓar kuɗin tallar ba su da bakin nuna mamaki.

Ga wanda aka ɗora wa aikin binciken, abin da na ga yana aiki shi ne ya wuce koci da wakili, domin kowannensu yana da abin da yake karewa. Mai kula da kayan wasa, da mai gasa jiki, da direban motar ƙungiya sun fi kowa sanin yadda yaro yake idan babu babba a kusa. Ya kuma tambayi abin da ya faru bayan kuskuren, ba kuskuren kaɗai ba: ya amsa laifinsa ko ya ɗora wa wani, ya maimaita ko sau ɗaya ne, su wane ne kuma ke zagaye da shi, masu iya ce masa a'a ne ko masu ci daga aljihunsa? Batun lafiyar ƙwaƙwalwa kuma a bar shi a hannun likitan ƙungiya a lokacin gwajin lafiya, bisa sirri da yardar ɗan wasan, kada ya zama hirar ofis. Idan akwai damuwa ta gaske, kwantiragi na iya ɗaukar nauyinta: a rage kuɗin farko a ƙara na sharaɗin yawan wasanni, a sa albashi ya riƙa hawa a hankali, a kuma rubuta a fili taimakon da ƙungiyar za ta bayar da abin da take buƙata daga gare shi, kowane ɓangare ya sa hannu kafin yaron ya sauka daga jirgi.