Gogen fenti da faifan ulu: in zuba kuɗina ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wurin wankin mota a Kwangila, Zariya, da yara uku da ke yi mini aiki. Masu mota na yawan tambayata ko ina gogen fenti da inji, irin wanda ke cire ƙarce-ƙarce ya dawo da ƙyalli. Na tara ɗan kuɗi, wani abokina kuma ya ce faifan ulu kawai zan saya in ɗaura a garandar walda, shi ke nan. Sana'ar za ta biya ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sana'ar tana biya, amma ba ta hanyar da abokinka ya nuna maka ba. Garandar masu walda tana juyi kusan sau 11,000 a minti ɗaya, alhali aikin faifan ulu a kan fenti bai cika wuce juyi 1,200 zuwa 1,800 ba. Ka ɗora ulu a garanda ka kai jikin motar mutane, kafin ka ankara fenti ya ƙone, kai da mai mota sai ofishin 'yan sanda. Injin da ake bukata shi ne na goge mai maɓallin rage gudu, irin wanda Makita da wasu kamfanoni ke yi. In kuɗinka bai kai na wannan injin ba tukuna, ka ci gaba da tari.

Ga dalilin tsananin da nake yi. Fentin mota na kamfani hawa-hawa ne, kuma hawan sama, mai ƙyallin nan da masu fenti ke kira kiliya, kaurinsa bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu. Gogen fenti ba cike ƙarce ba ne, kankare wannan hawan ake yi har ya sauko daidai da zurfin ƙarcen. Faifan ulu kuwa ya fi faifan soso cin fenti nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu sana'ar ke son sa: fentin da rana ta dusashe, ko wanda ƙurar hunturu da busasshen tsumma suka zazzane, ulu kan tashe shi cikin ɗan lokaci. Wannan saurin ne ribarka, kuma nan asarar take laɓe. Abin da ka kankare ba ya dawowa. A gefen ƙofa, da kan layin bonet, da bakin bamba, fentin ya fi siriri, nan ne sabon hannu ke hudawa. In ka huda, sai an sake fesa ƙofar gaba ɗaya daga aljihunka, kuɗin da zai iya cinye ribar motoci da dama.

Saboda haka kada ka lissafa faifan ulu shi kaɗai a matsayin jari. Ulu yana barin sawunsa, wasu zagaye-zagaye da ba ka gani a inuwa, sai mota ta fita rana su bayyana, musamman baƙar mota. Dole a bi bayansa da faifan soso da man goge mai laushi. Ke nan jarinka ya haɗa da inji, faifan ulu aƙalla biyu, na soso, man gurza mai kaushi da mai laushi (3M da Meguiar's sanannu ne, amma ka kula da jabu), tef na rufe roba da gefuna, da tawul masu laushi. Sai wuta. Injin nan yana jan kusan wat 1,200, ƙaramin janaretan shago ba zai ɗauke shi ba, kuma ka fi ni sanin halin wutar Zariya. Sai rumfa, domin ba a gogewa a kan bodin da ya sha rana, man bushewa yake nan take.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne zaɓen mota. Motocinmu da yawa an taɓa sake musu fenti, wasu da fila, wato abin da ake cike lotsewar bodi da shi, a ƙarƙashin fentin, kuma mai motar kansa bai sani ba. Fentin bakin titi ba ya jure abin da na kamfani ke jurewa. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti, in ka samu hali ka saya, za ta fanshi kuɗinta ranar da ta hana ka taɓa motar da bai kamata ba. Kafin nan, ka gwada ɗan wuri a ɓoye, a gaban mai motar. Ƙarcen da farcenka ke maƙalewa a ciki ya wuce aikin ulu, na mai fenti ne, ka faɗa masa gaskiya tun kafin a yi ciniki. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe da wayarka.

Koyo kuma kada ya zama a motar kwastoma. Je wurin masu gyaran bodi a Sabon Gari ka sayi tsohon bonet, kai da yaro ɗaya mai natsuwa ku yi ta gwaji har ku huda fentin da gangan, ku ji yadda zafin yake a tafin hannu kafin ya lalace. Yaro ɗaya nake cewa, ba ukun ba. Ku saba da tsefe ulu bayan kowane ɓangare, don man da ya daskare a ciki shi kansa yana ƙarce. Faifan da ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi, sai an wanke ya bushe.

Batun farashi, kada ka sa shi kamar ƙari a kan wanki. Cikakken goge na iya cin yini guda. Ka lissafa motocin da wurin zai wanke a wannan yinin, ka ɗora man goge, fetur, ladan yaro, da wani kaso da kake warewa don ranar tsautsayi. Ka yi farashi biyu, na goge sau ɗaya da na cikakken goge, ka kuma yarda a yi bonet kaɗai ko ƙofa ɗaya.

Kasuwa akwai: ma'aikatan jami'a a Samaru, na asibitin Shika, da dillalan mota masu son kaya ya yi ƙyalli kafin mai saye ya zo. Dillalai za su kawo maka aiki da yawa, amma su ne masu cewa a bari sai an sayar da motar. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka kunna inji, ragowar kafin makulli ya bar hannunka.