Tambayi Likita: Cututtukan Funfuna da ke Shiga Cikin Jiki

Tambaya: Likita, ɗana na da makero a ka. An ce yana iya shiga jini?

Amsa: A'a, makero da kyasbi a fata suke tsayawa. Sai dai na kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da na sha. Ki kai shi asibiti.

Tambaya: Na daɗe da gama maganin tarin tibi, yanzu tari ya dawo har da jini. An gwada kaki ba a ga komai ba. Wani ya ce in sake shan maganin.

Amsa: Kada ka sake, malam. Tibi kan bar rami a huhu, sai wata funfuna mai suna Aspergillus, wadda kowa ke shaƙa a iska, ta samu wurin zama a ciki, ta dunƙule kamar ƙwallo. Maganin tibi ba ya taɓa ta. Ana gano ta da hoton ƙirji ko na CT (hoton na'ura da ke nuna cikin jiki dalla-dalla), da gwajin jini na Aspergillus IgG, kuma maganinta kan kai wata 6 ko fiye. Idan jinin ya yi yawa, ka tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Yayana na da cutar ƙanjamau, ya bar shan magani. Mako biyu ke nan yana ciwon kai da amai, har ya fara sambatu. Likitoci sun ce za su ɗebi ruwan bayansa, dangi sun ƙi, wai allurar na kashewa. Yanzu hayaƙi ake masa a gida.

Amsa: 'Yar'uwa, ku mayar da shi asibiti yau ɗin nan. Abin da nake tsoro shi ne sanƙarau na Cryptococcus, funfunar da ake samu a ƙasa da kashin tsuntsaye. Ba ta cika damun mai lafiya ba, amma in garkuwar jiki ta faɗi, musamman idan adadin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4 ya yi ƙasa da 100, sai ta bi jini daga huhu ta hau ƙwaƙwalwa. Don Allah, hayaƙi ta ina zai kai can? Wahala kawai kuke ƙara masa, lokaci na tafiya.

Ga yadda ake ɗibar ruwan. Zai kwanta a gefe ɗaya ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, a kashe zafin wurin, a sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya, can ƙasa da inda laka ta ƙare. Ruwa fari tas zai riƙa ɗiga cikin 'yar kwalba. Akwai gwajin gano wannan funfunar, mai suna CrAg, da ke ba da amsa cikin kamar minti 10, a jini ko a ruwan. Kuma ɗibar kanta magani ce: cutar na sa ruwan ya taru ya matse ƙwaƙwalwa, ana rage shi ciwon kan ke sassautawa. Wani ma sai an maimaita masa.

Na san inda tsoron ya samo asali. Ana kawo mutum bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, a yi allurar, rai ya yi halinsa, sai a ɗora wa allura laifi. Jinkirin ne ya yi ɓarnar. Magani akwai: a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin ruwa ɗaya na amphotericin B, tare da flucytosine da fluconazole. Kada kuma ku koma ba shi maganin ƙanjamau da kanku. In sanƙarau ne, ana jinkirta shi mako 4 zuwa 6. Ku tafi yau.

Tambaya: "Baƙar funfuna" da aka yi fama da ita a Indiya, ana ɗaukarta daga mutum?

Amsa: Ba a ɗauka. A 2021, lokacin korona, ta kama fiye da mutum 40,000 a can, yawancinsu masu ciwon suga da aka ba magunguna irin su dexamethasone. Masu shansa don su yi ƙiba, ku ji da kyau. Gwajin jini ba ya kama ta, sai an yanko ɗan nama daga cikin hanci an duba. Mai suga da ya ga gefen fuska ko ido ya kumbura, ko baƙi a hanci ko ganɗa, ya je asibiti a ranar, domin cikin kwanaki take cin ido.