Ku Tambaya, Mu Amsa: Ciniki daban, riba daban

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Rigasa, Kaduna, shekara biyu ke nan. Kullum ana ciniki, wata rana har na dubu arba'in, amma kantar sai ƙara fayau take yi, in na je sari kuɗin ba sa isa. Ko dai hannu aka sa mini? (Daga wani mai shago, Rigasa)

Amsa: Malam, kafin ka zargi kowa, fara da aljihunka. Dubu arba'in ɗin nan ciniki ne, kuma mafi yawansa kuɗin kaya ne da dole su koma kasuwa. Ribar kayan masarufi siririya ce. A ce kana samun naira 10 a kowace naira 100, ka ga ribar yini naira 4,000 ce. In ka ɗebi 5,000 na cefane, ka zuba man janareto na 1,500, ka kashe 6,500 ke nan. Kullum kana gutsurar 2,500 daga uwar kuɗi, a wata ɗaya 75,000. Ba ka gani ne saboda durowa ba ta taɓa rasa kuɗi.

Akwai wata ɓaraka da ta fi wannan ɓoyuwa. Ka saro katan ɗin taliya a 10,000, ka sayar da shi ɗaya-ɗaya ya tashi 11,000, kana murnar ribar dubu. Ka koma Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka tarar ya zama 11,500. To ina ribar? Sai ka cika ɗari biyar kafin ka mayar da katan ɗin da ka sayar. A lokacin da kaya ke hawa, farashin sari na yau ake dubawa a sa kuɗi, a bar na rasiɗin makon jiya. Kira ɗan sarinka a waya sau biyu a mako ya fi maka sauƙi.

Ga abin yi. Ranar ƙarshen wata ka rufe shago da wuri, ka ƙirga duk abin da ke kan kanta da farashin sari. Haɗa da kuɗin durowa, da na banki, da bashin da ka tabbata zai fito. Cire abin da 'yan sari ke binka. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya. Rubuta shi, ka sake yi wata mai zuwa, sai lissafi ya nuna maka ko gaba kake ko baya. Sannan ka yanka wa kanka albashi wanda bai wuce riba ba. Sukarin da yaro ya zo ya ɗauka na gida, da sabulun da aka aika wa inna, duk a rubuta su kamar na mai saye.

Bashi kuwa hanji ne, ba za mu ce ka daina bayarwa ba, domin shagon unguwa ba ya rayuwa ba tare da shi ba. Amma kowa ka sa masa iyaka da ranar biya, wanda bai biya tsoho ba kada ya ɗauki sabo, ko da limamin layinku ne. Masu tura kuɗi ta waya kuma, kada saƙon alat ya ruɗe ka, akwai na bogi. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun shiga kafin kaya su bar hannunka.

Tambaya: Ina yin kunun aya a gida, yara suna kai mini bakin kasuwa, ina sayar da roba a 350. Yana ƙarewa wani lokaci, wani lokaci ya yi tsami a dawo da shi. Ban ga abin da nake tarawa ba. (Daga wata uwargida, Tudun Wada)

Amsa: Hajiya, ɗauki biro mu yi lissafi tare. Rubuta kuɗin aya, dabino, kwakwa, sukari, markaɗe, robobi, ƙanƙara, kuɗin keke, da ɗan abin da kike ba yara. Mata da yawa aya da sukari kawai suke ƙirgawa, sauran su tafi a iska. A ce duka ya kama 12,000, kika samu roba 40. Kowace roba ta tsaya miki a 300, ribarki hamsin-hamsin, dubu biyu in an sayar duka. Amma in shida suka yi tsami, 34 kika sayar, kuɗin 11,900 ne. Kin yi tsayuwar yini guda, kin kuma yi asarar ɗari.

Saboda haka maganin tsamin ya fi ƙarin farashi gaggawa. Kunun aya ba dafa shi ake yi ba, ga zaƙi, shi ya sa ƙwayoyin cuta ke saurin hayayyafa a cikinsa da zarar sanyinsa ya fita. Zoɓo ya fi shi daɗewa domin an tafasa shi kuma da ma yana da tsami. Ki tsince ayar ki fitar da ruɓaɓɓu da tsakuwa, ki sauya ruwan jiƙo kada ya yi wari. Ki je markaɗe da sassafe, a ɗauraye injin a gabanki, kada a zuba miki bayan wake ko kayan miya. Tace da ruwa mai sanyi mai tsabta, ɗura a sababbin robobi, ki sa cikin ƙanƙara nan take. Robobin da ake tsintowa a wanke suna cikin manyan masu jawo tsami. A zafin Maris da Afrilu ki rage yawa, gara a nema a rasa da a dawo miki da shi. In kina son shiga manyan kantuna da tambarinki, sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, amma wannan sai ribar ta fara zama.

Tambaya: Yayana ya ba ni jari in buɗe wajen walda a Panteka, mu raba riba. Sai mun yi rajista? (Daga wani matashi, Kawo)

Amsa: Ɗan'uwa, rubutu tsakaninku ya riga rajista. Ku rubuta nawa ya bayar, kason kowa a riba, da lokacin rabo, a gaban shaidu biyu. Kaso ake yankewa, kamar rabi da rabi, ba a cewa dubu kaza duk wata. A tsarin mudaraba, wato ɗaya ya ba da jari ɗaya ya yi aiki, in an yi asara ba da sakacinka ba, ta mai jari ce, kai kuma ka yi asarar wahalarka. Gara ya ji wannan tun yau.

Rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ake yi, ta intanet, da lambar NIN da adireshin shago. In za ku sa wa wurin suna daban da naku na yanka, doka ta ce a yi rajistar sunan kasuwanci, kuma da ita za ku buɗe asusun banki da sunan wurin. Sai dai a wannan tsarin bashin shago bashinku ne. Kamfani mai cin gashin kansa ne ke raba dukiyarku da ta sana'a, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ko mutum ɗaya ya kafa shi. Kowanne kuka zaɓa, akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa hukumar, in aka bari ya taru tara ke biyo baya.