Amsa kan takalmin hawa babur da damina

Malam, ka yi tambaya kan takalmin da zai jure ruwa da lakar hanyar Ringim zuwa Taura ba tare da ya cinye maka kuɗi ba. Shawarata ita ce ka nemi na fata mai kauri wanda wuyansa ya rufe idon sawu, kuma ka fara duba tafinsa kafin komai, domin wanda aka haɗa da gam kaɗai yakan ɓalle idan ruwan Agusta ya jiƙa shi, amma ɗinkakke ko ya cinye, mai gyaran takalmi zai sauya masa wani tafin. Harshensa ma ya zama a ɗinke yake da gefe biyu, don ta nan ruwa ya fi shiga.

Takalmin roba na manoma yana da araha, sai dai zafin salansa yana narka shi, kuma ba ya kare ƙafa idan aka faɗi.

Idan sabo ya fi ƙarfin aljihu, ana samun gwanjo mai kyau a kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano. Wanda aka rubuta wa Gore-Tex yana hana ruwa shiga, matuƙar shimfiɗar cikinsa ba ta yage ba. Ka riƙa shanya shi a inuwa kana shafa masa mai, kada ka kai shi bakin wuta.