Cire haƙorin yaron da jininsa ba ya daskarewa

Maman Yaro, kin ce ɗanki yana da hemofiliya, wato ciwon rashin daskarewar jini, haƙorinsa na turmi ya rube, kina tsoron cirewa. Tsoronki yana kan hanya, amma ana cirewa lafiya in an shirya.

Ki fara da likitan jini kafin likitan haƙori. Jinin yaron ya rasa sinadarin da ke sa shi daskarewa, fakta 8 ko fakta 9, don haka akan yi masa allurarsa kafin aiki, a haɗa da wani magani mai suna tranexamic acid don gudan jinin ya zauna. Hatta allurar kashe zafi a muƙamuƙin ƙasa tana iya jawo zubar jini ta ciki. Shi ya sa na fi son asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika, inda likitocin biyu ke tare.

Don Allah kar a kai shi wurin wanzami ko kemis. Kar a ba shi asfirin ko ibuprofen. Farasitamol ya isa.

Wasu iyaye kan hana yaro goge baki saboda dasashi yana jini, alhali dauɗar ce ke kumbura shi. Ya riƙa gogewa da buroshi mai laushi safe da dare.

In jini ya ƙi tsayawa ko wuya ya kumbura, ku tafi asibiti nan take. Allah ya ba shi lafiya.